Mota Mai Jan Ciki: Adon da Bai San Hanyar Jere Ba

Duk wanda ya tsaya bakin titi a sallar da ta wuce, ko ya raka ɗaurin aure cikin 'yan watannin nan, ya ga sabon yayin da ya shigo mana. Mota ce za ka ga ta taho kamar tana rarrafe, bamba na neman lasar ƙasa, tayoyi sun cika bakin madigadi, wili na walƙiya kamar sabon tiren amarya. Yawanci Honda Accord ce, ko Corolla, ko Camry, wani lokaci tsohuwar Mercedes ko BMW. Samarinmu na cewa an "kwantar" da ita, wasu su ce an "zaunar" da ita. Yara na bin ta da ihu, dattawa na girgiza kai. Da ta iso tudun rage gudu na farko, sai ka ga direba ya karkata sitiyari ya hau a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, babura da a-kori-kura sun yi layi a bayansa suna ta hon. Da duk wannan lallaɓawar, sai ka ji ƙiiii, ciki ya gogi siminti.

Tunda wannan shafi namu na duba abin da ke gudana a unguwa ne, bari yau mu ɗora wannan yayi a kan sikeli. Ni dai ba na cikin masu cewa yi wa mota ado almubazzaranci ne ko aikin 'yan iska. Abin da nake suka shi ne wannan irin adon: an kwaso shi daga ƙasar da titinta ba irin namu ba ne, kuma rabinsa aka kwaso, aka baro rabin da ke sa shi aiki.

A fara ba shi haƙƙinsa

Gaskiya ɗaya ce, mota kwantacciya tana da kyau a ido. Ratar nan da ke tsakanin taya da madigadi, idan ta ragu, mota sai ta yi kamar ta fi faɗi, ta fi tsawo, ta fi tsada. Masu zana motoci a kamfanoni sun san haka, shi ya sa hoton talla kullum za ka ga manyan wili da siririyar taya. Kuma ba ido kaɗai ba ne. Idan nauyin mota ya matso kusa da ƙasa, ba ta yawan tangaɗi a kwana, sitiyari yana amsawa da sauri. Yawancin motocin tsere a kwance suke saboda wannan dalili. Saboda haka yaron da ya ce maka motarsa ta fi kama titi bayan an kwantar da ita, ba lallai ƙarya yake yi ba. Tambayar ita ce, wane titin?

Sannan mu Hausawa ba mu da bakin zargin wani da son ado. Mu ne masu hawan sallah. A dubi doki ranar hawa, daga linzami zuwa jalala, daga sirdi zuwa likkafa, ba inda aka bari ba ado. Iyayenmu sun yi wa kekunan Raleigh kwalliya da madubai da ƙararrawa har biyu. Manyan motoci masu bodin katako da ke dakon goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu, kowace da zanenta da rubutunta a goshi. Ɗan acaɓa ma yana naɗe sirdinsa da leda mai launi. Amma a duba da kyau, duk wannan adon akwai ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba: doki na sukuwa da kayansa, keke na zuwa gona da madubansa, babbar mota na hawa gangaren Kagoro da zanenta. Ba wanda ya taɓa datse ƙafar doki don ya fi kyau a hoto. Da wannan ma'auni namu na gida zan auna mota mai jan ciki.

Inda abin ya samo asali

Yawancin yaran da ke wannan aiki a waya suka gan shi, a TikTok da Instagram, ko a finafinan Fast and Furious da suka fara fitowa a 2001. Amma abin ya girmi waya nesa ba kusa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, samari 'yan asalin Meziko da ke zaune a Los Anjalas ta ƙasar Amurka suka fara kwantar da tsofaffin motocinsu. Wasu buhunan yashi suke zubawa a but, wasu su yanke sifirin. Su ma 'yan unguwa ne irinmu, tsiraru a cikin gari, masu ƙaramin ƙarfi, suna so a san da zamansu. Motar sai ta zama tutarsu.

Abu biyu ya kamata samarinmu su sani game da waɗannan mutane. Na farko, ba gudu suke yi ba. Taƙamarsu ita ce a tafi ƙasa-ƙasa kuma a hankali, a kan shimfiɗaɗɗen titi, don jama'a su ƙare wa fenti kallo. Na biyu, su da kansu sun gane mota ba ta rayuwa a kwance. A 1958 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta hana wani sashe na mota ya sauka ƙasa da gindin wili. Sai a 1959 wani matashi mai suna Ron Aguirre ya ɗauko famfunan da ake amfani da su a jirgin sama ya ɗaura wa motarsa, yadda zai danna maɓalli ta tashi, ya sake dannawa ta kwanta. Daga nan wannan fasaha ta zama zuciyar abin. Dokar kuwa ba a soke ta ba sai da gwamnan jihar ya sa hannu a 2023. Wato masu abin sun shafe shekara sittin da wani abu suna koyon yadda mota za ta kwanta idan an tsaya, ta miƙe idan hanya ta ɓaci.

A Jamus ma, inda Golf da Mercedes da BMW ɗinmu suka fito, samari na kwantar da mota sosai. Amma a can sifirin ɗin da za ka saka da wilin da za ka ɗaura sai suna da takardar amincewa, in ba haka ba sai masu gwajin mota irin su TÜV sun duba sun shigar da canjin cikin takardun motar. Mu kuma fa? Mun ɗauko kwanciyar, mun baro famfon da ke tashe ta, mun baro tafiyar a hankali, mun baro mai dubawa.

Darasin da hanyarmu ta riga ta koyar

Abin mamaki, a nan jiharmu aka yi shekaru ana haɗa motar da ta fi kowace fahimtar hanyar Afirka. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, a shekarar da 504 ta lashe gasar Safari ta Kenya. Faransa ta daina ƙera 504 a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Me ya sa ta daɗe haka? Ku tambayi tsofaffin direbobin tasha. Doguwar ƙafa gare ta, sifirin ɗinta na da nisan lotsawa, tayarta na da kauri, wilinta ƙarfe ne. Ta shiga Kubacha ta fito da citta, ta je Kwoi da Kafanchan da damina ta dawo.

Da tokumbo ta maye gurbinta, makanikanmu suka lura motocin Turai da Amurka sun yi ƙasa da yawa ga hanyarmu. Sai suka shiga sa musu sifesa, wato ɗan zoben da ake ɗorawa kan sifirin don mota ta ɗaga. Shekara da shekaru, wanda ya sayi mota daga Kwatano, aikin farko shi ne a ɗaga ta. Wannan ilimi ne da aka saya da fasassun kaskon mai da karyayyun salansa. Yau kuma ɗan gidan yana biyan kuɗi a yi masa akasin haka.

Hanyar ce ta canza? Kowa ya san amsa. Aikin sabunta titin Abuja zuwa Kaduna da aka fara a 2018 ya sa mun shekara da shekaru muna bin hannu ɗaya, muna sauka kwalta muna hawa. Hanyar Bwari da hanyar Kagarko kowa ya san halinsu idan ruwa ya sauka. Cikin unguwa kuwa, daga bakin titi zuwa ƙofar gida, akwai kwata, akwai zaizaya, akwai tudun da maƙwabta suka gina da kansu don tsare yara, wanda ba injiniyan da ya auna shi. Ƙaramar mota yadda ta fito daga kamfani, tsakanin cikinta da ƙasa bai fi santimita 14 zuwa 16 ba. Ka ɗauki mutum huɗu, ya ragu. Ka yanke santimita 5 a kai, abin da ya saura ko tsawon wayar hannunka bai kai ba. A can ƙasa kuwa ga kaskon man injin, ga salansa, ga bututun mai da na birki.

Yadda ake yankan

A inda ake yin abin da tsari, akwai sifirin na musamman da aka ƙera gajere, mai saukar da mota santimita 3 ko 4, ana haɗa shi da shokozoba da ta dace da shi. Akwai kuma mai zare wanda za ka murɗa ka ɗaga ko ka sauke. Waɗannan suna da tsada, kuma ba su ne ake sakawa a yawancin motocin da nake gani ba. Abin da ake yi shi ne a cire sifirin, a sa injin yanka a datse zagaye ɗaya ko biyu, a mayar. Wani ma ba ya cirewa, mai walda ne zai hura masa wuta har ya yi ja ya lotsa.

To ga abin da ke biyo baya. Ƙarfen sifirin an yi masa wani horo na wuta a kamfani, shi ne ke sa ya lotsa ya dawo. Ka sake gasa shi, ka kashe wannan horon, zai ci gaba da zaunawa, wata rana ya karye. Wanda aka datse kuma yana ƙara tauri, kuma bakinsa ba ya zama daidai a mazauninsa, sai ka faɗa rami taya ta saki, ya goce. Da ido ake yankan, saboda haka da wuya dama da hagu su zo daidai. Ita kuma shokozoba an yi ta ne ta yi aiki a tsakiyar tafiyarta. Yanzu ta koma zaune kusa da ƙarshe, kowane rami sai ta buga ƙasa, ba a jimawa ta fara yoyon mai. Bugun da sifirin ya kamata ya shanye sai ya wuce cikin bushin, da boljoyin, da shaf, da bayan fasinja. Ƙafar motar kuma ta karkace, taya na cin gefen ciki, inda mai mota ba ya gani. Daga waje taya sabuwa fil, daga ciki waya ta fito.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: motar da ta yi tauri haka, a kan titi mai gargada, tsalle take yi. Taya kuwa in tana sama ba ta birki, ba ta juyawa. Wato kama titin da aka yi aikin dominsa, a kan hanyarmu raguwa yake yi.

Maganar wili da taya

Mu zo kan wili, tunda shi ne idon adon. Ka duba gefen tayarka, za ka ga rubutu kamar 195/65 R15, irin wanda Corolla da yawa ke zuwa da shi. Lambar farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin 100 na faɗin, wato wajen milimita 127. Ta ƙarshe girman wili ne da inci. Idan ka ɗaura wili mai inci 17, dole tayar ta sirance don ta shiga madigadi, sai ka koma kamar 215/45 R17, gefenta milimita 97. Ka je inci 18 da 225/40, saura milimita 90. Wannan roba da iskar da ka rage su ne katifar farko tsakanin bakin rami da ƙarfe. Idan suka yi kaɗan, rami na matse taya a jikin wili, zaren ciki ya tsinke, gefen ya kumbura kamar ƙwai. Tayar da ta yi ƙwai ba ta da faci, jiran ranarta kawai take yi.

Akwai wata lamba da ba mai kula ta, tana bayan girman. A 195/65 R15 yawanci za ka ga 91, ma'ana kowace taya na ɗaukar kilo 615. Tayar 215/45 R17 ta gama-gari kuwa 87 ce, kilo 545, sai dai in ka samu mai ƙarin ƙarfi. Bambancin kilo 70 ne a kowace ƙafa, kilo 280 a mota. Buhu nawa ke nan? Mutum nawa ke nan a motar rakiyar amarya?

Shi kansa wilin, na ƙarfe idan ya bugi rami lanƙwasa yake yi, mai faci ya sa guduma ya miƙe shi ka kai gida. Na aloyi tsagewa yake yi, iska ta riƙa zurarewa. Sai a kai wa mai walda ya like, a goge, a fesa fenti. Wurin da aka yi wa walda ba ya komawa ƙarfinsa na da. Irin waɗannan na nan cikin na hannu da ake sayarwa, ko a Zuba ka saya, ko Apo, ko Fanteka, ko Ƙofar Ruwa. Ba ina cewa 'yan kasuwa macuta ba ne, akwai masu amana da yawa. Ina cewa fenti na ɓoye tsaga, kuma mai saye da ido kaɗai yake saye.

Sai ramukan noti. Ba kowane wili mai rami biyar ke shiga kowace mota mai kusa biyar ba. Camry da Accord da'irar kusoshinsu milimita 114.3 ce, Mercedes 112, BMW na da 120, Corolla ta shekarun 2003 zuwa sama 100. Tsakanin 112 da 114.3 ido ba ya rabewa, sai a tura da ƙarfi, ko a sa zarto a buɗa ramin. Ramin tsakiya ma haka: na Camry milimita 60.1, na Honda 64.1. Wilin da bai zauna daidai a cibiyarsa ba yana sa sitiyari rawa, noti na kwancewa, kusoshi na gajiya har su karye. Duk wanda ya taɓa ganin taya ta bar mota tana gudu ita kaɗai a titi ya san abin da nake nufi.

Kuma da yake sabuwar siririyar taya ta fi ƙarfin aljihun yawancin masu wannan yayi, sai a koma tokumbo. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi cewa taya na da wa'adi, shekara huɗu take ƙirgawa daga ranar ƙira. Ranar na rubuce a gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe: in ka ga 2319, sati na 23 na shekarar 2019 ke nan. A wannan titi namu na Kaduna zuwa Abuja ne, ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa bayan tayar motarsu ta fashe. Babbar mota ce ta gwamnati, ba kwantacciya ba. Na kawo shi ne don a tuna cewa fashewar taya a guje ba ta duba girman mota ko muƙamin mai ita, balle tsohuwar siririyar taya da ta sha ramuka.

Lissafin aljihu

Akwai masu cewa aloyi ya fi ƙarfe sauƙin nauyi, don haka yana rage shan mai. In girmansu ɗaya ne, ana iya samun haka. Amma babban wili da faffaɗar taya sun fi ƙarami nauyi, sun fi jan titi. Mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada wannan a 2010 da mota Golf, daga inci 15 har zuwa 19. Tsakanin ƙarami da babba, tafiyar da motar ke yi da kowane galan ta ragu da wajen kashi 10 cikin 100, tashinta ma ya ɗan yi nauyi. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, wa ke da kashi 10 na zubarwa?

Ka haɗa da taya da ke ƙarewa kafin lokacinta, da shokozoba, da salansa, da bamba da ake ɗaurewa da waya. Ranar sayarwa kuma dillali na leƙa ƙasa ya ga an taɓa ƙafa, sai ya rage kuɗi, don ya san mai saye zai ce a mayar da ita yadda take. Nan ne kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

"Motata ce, kuɗina ne"

Wannan ita ce amsar da samari ke bayarwa, kuma tana da ƙarfi. Yaro ya yi guminsa a Abuja ko Kaduna, ko ya sayar da amfanin gona, bai roƙi kowa ba. Wa ya isa ya hana shi jin daɗin abinsa? Ba kowa. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, a unguwa irin tamu mota ba ta taɓa zama ta mai ita shi kaɗai ba. Gida nawa ne a layinku ke da mota? Idan naƙuda ta zo da gardama ƙarfe biyun dare, ko tsoho ya yanke jiki ya faɗi, ko maciji ya sari yaro a gona, ƙofar mai mota ake bugawa, kuma ba ya cewa a'a, don haka aka tarbiyyantar da mu. Daga nan sai Kagarko, ko Sabon Wuse, ko Bwari, in abin ya yi tsanani har Gwagwalada. Motar da ba ta iya shiga lungu ta ɗauko mara lafiya, wadda sai fasinja sun sauka kafin ta haye tudu, wadda ke buga mai ciki a kowane rami, ta rage wa unguwa mota ɗaya a ranar buƙata.

Ga kuma abin da ba ma son ambata amma kowa na ɗauke da shi a zuci. Mun ga shekarun da sunan Katari da Rijana kaɗai ke sa gaban matafiyi faɗuwa. A irin wannan hanya, kaskon mai da ya fashe da magariba ba maganar kuɗin gyara ba ce kawai. Tsayuwa ce a inda ba a son tsayuwa, da iyali a cikin mota. Kuma mai faci na ƙauye yana da tayar inci 14 da 15 a jibge, amma ka ce ya nemo maka 225/40 R18 ka ga yadda zai kalle ka.

Dattawa ma ga naku

Kada iyayenmu da yayyenmu direbobin haya su karanta wannan su ce yauwa, an gaya wa yara. Ku ma kuna kwantar da mota, da kaya ne kawai kuke yi. Golf ɗin da aka ɗora wa buhunan citta da masara har but ya ƙi rufuwa, Sharon da aka cusa wa mutum goma, bayanta na jan ƙasa fitilunta na kallon sama, ita ma sifirin ɗinta ya ƙare, tayarta na ɗauke da abin da ya fi lambarta. Ilimin ɗaya ne, haɗarin ɗaya ne. Bambancin kawai, ɗaya neman abinci ya kai shi, ɗaya neman suna. Sifesa ma in ta yi yawa tana da nata lahanin, tana gajiyar da shaf, tana sa mota tangaɗi.

Makanikai da masu walda kuma, ku ne malaman wannan fanni. Yaro ya zo da hoto a waya ya ce a yi masa irin wannan, kun san abin da zai biyo baya, har kun san zai dawo muku da gyara. Ku gaya masa kafin ku kunna injin yanka. In ya nace, aƙalla kada ku sa wa sifirin wuta, kada ku buɗa ramin wili da zarto. Sana'a amana ce, kuma motar da kuka taɓa ƙafarta a titin da 'ya'yanku ke tsallakawa za ta bi.

In dai sai an yi

Na san ba kowa zai bari ba, don haka ga abin da nake ganin ya fi kusa da hankali. Ka bar tsayin motarka yadda kamfani ya yi shi. Yawancin kyan da kake nema daga wili yake zuwa, ba daga yankan ba. Ka ƙara inci ɗaya kawai, daga 15 zuwa 16, ka riƙe taya mai lambar tsakiya 55 ko sama. Ka tabbata tsayin taya gaba ɗaya bai kauce wa na asali sosai ba, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya. Ka nemi wilin asali na irin motarka, wanda ya zo da babban samfurinta, don shi ramukansa da cibiyarsa daidai suke. Ka sa a wanke shi ka duba bayansa da rana, ka nemi alamar walda. Ka karanta ranar taya da lambar nauyinta. A yi balansin da alaimen bayan an ɗaura, a sake ɗaure noti bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu. Tsofaffin wilinka na ƙarfe kuma kada ka sayar, damina na zuwa.

Sannan ina da ƙorafi na ƙarshe, wanda ya shafi adon kansa. Samarin Los Anjalas sun shahara ne don sun zuba tarihinsu da addininsu da unguwarsu a jikin mota, har ta zama ba ta kama da ta kowa. Namu kuwa, ka ga ɗaya ka ga duka: baƙin gilas, wili iri ɗaya, sitika da Turanci. Alhali muna da dukawa masu aikin fata da za su yi wa kujera da sitiyari abin da ba a taɓa gani a waya ba, muna da masu zanen manyan motoci, muna da zanen dagi da aska takwas da ke wuyan rigunanmu. Yaron da ya fito da mota mai tsayuwa da ƙafarta, mai tsabta, injin na kaɗawa lafiya, da adon da duk wanda ya gani zai ce wannan ɗan Jere ne, shi zan tsaya in kalla ranar sallah, in kuma rubuta yabonsa a wannan shafi.

Masu kwantattun motoci da ke ganin na yi musu rashin adalci, ƙofar mujalla a buɗe take, ku rubuto. Ku zo da lissafin abin da kuka kashe a ƙafar mota cikin shekara guda, mu buga shi kusa da na maƙwabcin da bai taɓa tasa ba, jama'a su yi alƙalanci. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gida lafiya.